Waya da kushin a tsohuwar mota: wanne za ka yi da hannunka, wanne za ka kai Farin Gada?

Duk wanda ya ɗauko tsohuwar mota da niyyar tayar da ita, ko Fijo 504 ce ta gado da ta daɗe a jibge a bayan gida a Gangare cikin garin Jos, ko Marsandi mai shafaffen but, ko Golf 3 da ta gaji da zirga-zirga tsakanin Taminus da Bukuru, akwai ranar da bakanike zai goge hannu ya ce ya gama nasa. Inji ya tashi, giya tana shiga, burki yana kamawa. Saura waya da cikin mota. A nan ne irin wannan aiki ya fi kwanciya, domin kuɗi sun riga sun yi ƙasa, haƙuri ma haka, ga kuma tambayar da ba ta da amsa guda: in yi da kaina ne, ko in kai Farin Gada, matattarar bakanikai ta Jos, in miƙa wa masu sana'a?

Yawancin mutane suna raba aikin a baibai. Waya tana ba su tsoro, sai su miƙa ta ga mai riwaya ba tare da ko tambaya ɗaya ba, sannan su sayo yadi da gam su ce kushin ai ba wani abu ba ne. A ganina akasin haka ya fi dacewa, matuƙar motar tsohuwa ce ta gaske. Aikin waya aikin karatu ne da natsuwa, kuma mai mota ya fi kowa lokacin da zai ba shi. Ɗinkin kujera kuwa aikin hannu ne da keke na musamman, wanda karatu ba ya koyar da shi. Amma wannan hukunci yana da iyaka, kuma shekarun motar ne ke shata iyakar.

Fara da duba wace irin mota ce a hannunka

Motocin kafireta, irin 504 da kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kaduna a 1975, da Boswaja ƙirar kunkuru, da Marsandi 200 ko 230 na ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, wayarsu a fili take. Wuta ta fito daga batir, ta bi fis, ta bi makunni, ta isa fitila ko hon, ta koma ta jikin ƙarfen mota. Duk da'irar ke nan, sai dai a maimaita ta sau ashirin ko talatin. Wanda ya iya bin layi da yatsa a takarda zai iya wannan aiki.

Daga tsakiyar shekarun 1990 labari ya canja. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da soket ɗin da ake jona kwamfutar bincike, kuma injinsu yana ƙarƙashin brenbos, wato kwamfutar inji, da ke karanta sigina ƙanana daga na'urori da dama. Daga 2008 kuwa dokar can ta tilasta tsarin da kwamfutocin mota ke magana da juna ta wayoyi biyu a murɗe. Idan ka yanke waɗannan biyun ka warware murɗin, ko ka soka musu fitilar gwaji, kana iya jawo matsalar da za ta fi wadda ka zo gyarawa. Ga kuma jakar iska ta sitiyari da ta dashbod: soket ɗinta rawaya ne, kuma ba a taɓa shi sai an cire batir an jira na'urar ta sauke wutar da ta tara. Toyota ta ce a jira aƙalla daƙiƙa 90, Honda ta ce minti 3. A irin waɗannan motoci hannunka ya tsaya a kan rediyo, fitilun ƙari da tsaftace atin, wato inda waya ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota. Sauran a kai wa wanda yake da kwamfuta kuma ya iya karanta abin da ta nuna, ba wanda zai goge lambar matsala ya karɓi kuɗi ba.

Tsakanin waɗannan biyu akwai motoci irin Golf 3 da Marsandi mai but ɗin V. Su sai an raba: wayar fitilu, hon, waifa da gilas naka ne idan kana so, wayar inji ta masani ce. Marsandin da aka ƙera daga wajen 1992 zuwa 1996 suna da ciwo sananne. Robar da ta lulluɓe wayar injinsu tana ruɓewa da zafi ta zube kamar gari, wayoyin su haɗu tsirara a cikin kunshi, wato damin wayoyin da aka naɗe tare, motar ta riƙa yin abubuwan da ba su da kan gado. Wannan ba ya jin faci. Kunshin gaba ɗaya ake canjawa.

Abin da mai riwaya yake da shi, da abin da ba shi da shi

A ba shi haƙƙinsa. Wanda ya shekara ashirin a Farin Gada ya ga 504 ɗari, ya san inda ƙarfe yake cin wayar fitilar baya, ya san ƙarar kik ɗin da burushinsa ya ƙare. Yana da akwatin tsofaffin soket da ba za ka samu a shago ba. Abin da zai ci maka Asabar guda, shi kafin la'asar ya gama. Gyaran cikin altaneta da kik, wato canja burushi, diyod ko naɗin waya, nasa ne ba gardama, kada ma ka ɓata lokacinka a kai.

Matsalar tana cikin yadda ake biyansa. Ba a biyansa don lokacin da ya ɓata yana neman tushen ciwo, ana biyansa ne idan fitila ta kama. Saboda haka hanya mafi kusa ita ce riba: a ja sabuwar waya daga inda ake da wuta zuwa inda babu, a murɗa da yatsa, a naɗe da salatif, a tura ƙarƙashin dashbod. Ka kwanta a ƙasan sitiyarin tsohuwar tasi da tocila ka duba. Za ka ga jar waya iri ɗaya ta tafi wuri biyar, salatif ya saki saboda zafi ya narkar da gam ɗinsa ya bar baƙin danƙo, wata waya ta ratsa ramin bangon inji ba roba a bakin ramin, ƙarfe yana yankar ta a hankali duk lokacin da mota ta faɗa rami. A akwatin fis kuma sai ka tarar da wanda aka naɗe da takardar kwalin taba mai ƙyalli, ko aka ɗaure da silin jan ƙarfe. Ba mutum ɗaya ya yi wannan ba. Hannu goma ne a shekara talatin, kowa ya gyara na ranar ya wuce.

Ana gane na kirki tun a minti biyar na farko. Idan ka ce masa fis yana yawan ƙonewa, ya ce, "Oga, bari mu sa mai talatin, wannan ba zai ƙone ba," ka yi masa godiya ka ja motarka. Idan ya ce, "Alhaji, akwai abin da ke ƙona shi, bari mu nemo," ya ɗauko mitar auna wuta, to ka zauna. Fis ba don fitila aka sa shi ba, don waya aka sa shi: shi ne ya kamata ya ƙone kafin wayar ta yi zafin da za ta kama da wuta. Duk wanda ya ƙara girman fis bai ƙara kaurin waya ba, ya mayar da wayar ita ce fis ɗin.

Kai kuma me za ka kawo? Lokaci, da cewa motar taka ce. Za ka iya cire atin ɗaya bayan ɗaya ka kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari, aikin da ba wanda zai yi maka shi da zuciya ɗaya don ba ya nuna kansa, alhali kaso mai yawa na haukan tsofaffin motoci daga nan yake. Fitilar burki da ke sa sigina lumshewa, ko allurar mai da ke motsi idan an kunna fitila, kusan kullum atin ne ya yi tsatsa, wutar ta rasa hanyar komawa ta bi ta wani ƙwan. Sannan idan kai ka ja wayar, ranar da wani abu ya mutu maka da dare a hanyar Bauchi, ka san inda za ka sa hannu.

Sharaɗin shi ne taswira. Kowace mota tana da taswirar wayarta a littafin gyaranta, kuma na waɗannan tsofaffin duk ana samu a intanet. Ka buga ta a babbar takarda, kada ka dogara da fuskar waya. Jamusawa sun sauƙaƙa wa mutane, domin lambobinsu iri ɗaya ne daga Boswaja har Marsandi: 30 wuta ce kai tsaye daga batir, 15 wutar da ke zuwa bayan an murɗa makulli, 31 atin, 50 kik, 56 manyan fitilu, 58 ƙananan fitilu. Waya mai ruwan ƙasa a motar Jamus atin ce. A Toyota fara mai baƙin layi ce atin. Fijo kuwa ta fi dogara da lamba a jikin waya fiye da launi, don haka kada ka yanke bakin wayar da ke ɗauke da lambar ka jefar, daga baya za ka neme ta.

Faci, kunshin Beljiyom, ko sabuwar saƙa

Ko kai za ka yi ko wani, sai ka zaɓi ɗaya cikin ukun nan, kuma wannan zaɓi ya fi na farko tasiri a aljihu.

Faci ya wadatar idan asalin kunshin yana da rai. Gwajin mai sauƙi ne: ka warware salatif a wuri biyu ko uku, musamman kusa da inji, ka lanƙwasa waya. Idan robar ta lanƙwasu ba ta tsage ba, kuma jan ƙarfen ciki bai yi baƙi ko kore ba, to kunshin kamfani ya fi duk abin da za a saƙa maka. Aikinka shi ne ka cire duk ƙarin da aka yi masa tsawon shekaru, ka mayar da kowace waya inda taswira ta ce. Wannan shi ne aikin da ya fi dacewa da mai mota, kuma kusan ba ya cin komai sai lokaci.

Kunshin Beljiyom, wanda aka ciro daga motar da aka yanka, shi ne mafita ga Golf da Marsandi da motocin Japan. Ana nema a kasuwar Dilimi ta Jos, in ba a samu ba a aika Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas. Amfaninsa soket ɗin kamfani ne, kowanne ya shiga gurbinsa. Haɗarinsa biyu ne. Masu yanka mota sukan datse kunshin a bangon inji don sauri, ka saya ka tarar da rabi. Kuma mota ɗaya tana da kunshi iri-iri bisa girman inji, shekara, da ko giyar hannu ce ko otomatik. Ka tafi da tsohon naka a buhu, a shimfiɗa su gefe da gefe a ƙasa a ƙirga soket kafin kuɗi su fita. Na Marsandin shekarun da na ambata, a tsaga kunshin a duba robar, domin na Beljiyom ɗin ma yana iya zama mai irin ciwon.

Sabuwar saƙa ta motar da wayarta ta ƙone ce, ko wadda ɓeraye suka yi wa gida. A 504 ko kunkuru abu ne mai yiwuwa ga mai haƙuri: a shimfiɗa tsohon kunshin a kan filawud, a kafa ƙusoshi a kowace mararraba, a bi shi waya bayan waya. A nan ne kaya suke zama komai. Kasuwa ta cika da wayar da cikinta sanholo ne aka yi masa wankan jan ƙarfe. A ido ba ka bambanta su. Ka ce wa mai shago ya yanko maka ɗan guntu, ka feɗe robar, ka kankare silin da wuƙa: idan fari ya bayyana, ajiye. Irin wannan waya ba ta ɗaukar fiye da kusan kashi biyu cikin uku na wutar da jan ƙarfe mai kaurinta zai ɗauka, kuma tana karyewa da jijjiga. Haka wayar gida mai sili ɗaya, wadda ake ja a bango, ba ta da wuri a mota ko da kyauta aka ba ka. Araha ba ta ado, a nan kuwa har gobara take jawowa.

Kaurin waya lissafi ne da ɗan firamare zai iya. Ka raba wat da 12, ka sami amfiya. Ƙwan babbar fitila na H4 wat 60 ne a dogon haske, 55 a gajere. Biyu a dogon haske wat 120 ke nan, wato amfiya 10. Waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ta ɗauke wannan hankali kwance, da fis mai 15. Ƙananan fitilu da na dashbod milimita 1 ta ishe su. Fankar lagireto tana son 4. Wayar batir zuwa kik kuwa daga 25 zuwa sama. Fis na zamani mai ƙafa biyu launinsa ne ke faɗin girmansa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Tsofaffin Marsandi da Boswaja suna amfani da dogon fis mai tsini biyu, inda fari yake 8, ja 16, shuɗi 25. Kada a rikita jan wancan da jan wannan.

Wurin haɗa waya, kamfanoni matsewa suke yi da kan ƙarfe, ba murɗawa ba. Filaya ta matse kan waya mai kyau ita ce kayan aikin da ya fi cancantar kuɗinka bayan mita. Dalma tana riƙewa, amma takan sandarar da wayar, ta karye daidai inda dalmar ta tsaya idan wurin yana jijjiga. A rufe mahaɗar da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi, a bar salatif don ɗaure kunshi kawai.

Idan kana son gwada kanka kafin ka yanke hukunci, ga aikin da ya dace: sa wa manyan fitilu rile, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa don ya ba fitila wuta kai tsaye daga batir. A yawancin tsofaffin motoci wutar fitila tana zagayawa ta makunnin da ke jikin sitiyari kafin ta isa gaba, kuma kowace tsohuwar mahaɗa tana cin nata rabo. Ka tayar da inji, ka kunna fitila, ka auna batir: ya kamata ka ga tsakanin volt 13.8 da 14.4. Sai ka auna a bayan ƙwan. Idan ka ga 12 ko ƙasa da haka, ka gano dalilin da ya sa fitilarka take ja kamar aci-balbal. Faɗuwar kashi 10 cikin ɗari na wuta tana cinye kusan kashi 30 na hasken ƙwan, kuma wanda ya taɓa gangara Hawan Kibo da dare cikin hazo ya san darajar wannan kashi 30 ɗin. Rile ƙafa huɗu gare shi. Ƙafa ta 30 ta tafi batir ta cikin fis da aka sa kusa da batir ɗin, 87 ta tafi fitila, 85 ta tafi atin, 86 ta karɓi tsohuwar wayar da ke zuwa daga makunni. Rile ɗaya na dogon haske, ɗaya na gajere. Idan ka gama wannan cikin tsafta kuma ka ji daɗin yinsa, sauran wayar motar ba za ta gagare ka ba. Idan ka ji ranka ya ɓaci tun a rabi, ka sami amsarka da arha.

Volt 12 ba ya jan mutum, shi ya sa ake raina shi. Amma batir yana iya tura ɗaruruwan amfiya a lokaci guda, sifana ko zoben azurfa da ya haɗa kan batir da bodi zai yi ja kafin ka zare hannu. A cire kan atin da farko, a mayar da shi a ƙarshe. Ranar da za ka fara ba sabuwar waya wuta, kada ka ɗaura kan batir kai tsaye. Ka kashe komai, ka sa ƙwan babbar fitila tsakanin kan batir da wayar atin. Idan ƙwan ya haska sosai, akwai inda waya ta taɓa bodi, kuma ƙwan ya tare wutar, ba abin da zai ƙone. Tukunyar kashe gobara da jami'an kiyaye haɗurra suke tambaya a hanya, a wannan ranar ta kasance kusa da ƙafarka, ba a cikin but ba.

Wani abu da ke kama masu son zamanantar da tsohuwar mota shi ne ƙwan LED. A sigina, na'urar lumshewa ta tsohuwar mota tana jiran nauyin ƙwan wat 21, idan ba ta ji shi ba sai ta riƙa ƙiftawa da sauri ko ta tsaya cik. Mafi muni shi ne ɗan jan ƙwan batir na dashbod. A tsofaffin altaneta ta cikinsa wutar farko take bi ta tayar da caji. Ka canja shi da LED, ko ya mutu ba ka kula ba, sai mota ta ƙi caji har sai an taka totur sosai, a je a kwance altaneta mai lafiya.

Cikin mota

A nan ma'aunin ya juya. Kujera ba yadi ba ce da aka lulluɓa wa soso. Akwai ƙarfe, sifirin, soso mai siffa, da rigar da aka yanka gunduwa-gunduwa aka ɗinka ta yadda za ta ja daidai a kowace kusurwa. Keken ɗinkin gida ba ya jan leda ninki huɗu da soso a tsakani, allura zai karya ko ya tattare ɗinkin. Mai kushin yana da keken da ƙafarsa ke tafiya tare da kayan, yana kuma da idon da ya san inda zai ja da inda zai saki. Kujerar da aka ɗinka a gida ana gane ta daga nesa, kuma ita ce abin da mai saye zai fara gani ranar da ka tashi sayarwa. Kuɗin leda da soso da za ka lalata kana koyo sun kusa kuɗin aikinsa.

Sai dai kada ka sakar masa zaɓin kaya. Soso iri-iri ne, kuma nauyinsa ne ke nuna ƙarkonsa, ba taurinsa ba. Mai sauƙin nauyi zai yi kyau ranar da aka ɗauko mota, bayan damina ɗaya ka ji ƙarfe a ƙarƙashinka. Ka je da kanka ka sayi mai nauyi na kamfanin da ka sani. Leda kuma ka juya bayanta: mai saƙaƙƙen yadi a baya tana jurewa, mai bayan auduga-auduga tana ɓarewa. Fata ta gaske tana da kyau, kuma Jos ba baƙuwar aikin fata ba ce, ga Naraguta nan. Amma fatar jaka da takalmi daban take da wadda aka jeme don zama a rana cikin rufaffiyar mota, ga bushewar hunturu da ke tsaga duk fatar da ba a shafa wa mai. Ga motar hawa kullum, leda mai kyau ko yadi mai kauri sun fi kwanciyar hankali. A sanyin Disamba na Jos ma yadi ya fi daɗin zama da asuba.

Masu tsohuwar Marsandi su yi hattara da abu guda. Ledar kamfani da ke kujerunsu, MB-Tex, tana cikin mafi ƙarko da aka taɓa sa wa mota. Sau da yawa ita lafiyarta ƙalau, abin da ya mutu shi ne shimfiɗar zaren kwakwa da ke ƙarƙashinta, ko sifirin da ya karye. Ka ce, "Malam, rigar nan a cire ta a hankali a mayar, cikin kawai za a gyara." In ba ka faɗa ba, reza zai sa mata, ya ɗinka maka wadda ba ta kai rabinta ba. Bel ɗin kujera kuma ba a ɗinka shi, idan ya tsage a nemo wani. Kujerar da ke da jakar iska a gefe ba a yi mata riga da ɗinkin gama-gari, domin ɗinkin wurin an yi shi ne ya yage idan jakar ta tashi.

Abin da za ka iya yi da kanka a ciki shi ne duk abin da yake shimfiɗaɗɗe. Bangon ƙofa na tsofaffin motoci katako ne siriri da ruwa ya kumbura: ka ɗora tsohon a kan sabon allo daga kasuwar Katako, ka zana, ka yanka, ka huda ramukan maɓallai, ka manna siririn soso da leda. Kafin ka mayar, ka manna ledar da ke tare ruwa a jikin ƙarfen ƙofar, wadda kusan kowane mai gyaran gilas yake yagewa ya jefar, in ba haka ba sabon allon ma zai kumbura kafin Satumba. Kafet ma haka, tsohon shi ne ma'aunin sabon. Maɓallan roba da ke riƙe bangon ƙofa da dashbod suna karyewa da sanyin safiya, ka bar motar ta sha rana tukuna.

Silin, wato rufin cikin mota, ya kasu biyu. Na Golf 3 da motocin Japan allo ne guda da aka manna wa yadi, kuma yana zazzagowa ne saboda siririn soson da ke bayan yadin ya zama gari. Fesa gam ta wani ɗan rami ko soka allurai ba ya magani. A fito da allon ta ƙofa ko ta but, a goge garin nan da burushi har ya fita tas, a shafa gam mai jure zafi a ɓangarorin biyu, a jira ya daina kama yatsa, a shimfiɗa yadin daga tsakiya zuwa gefe, rabi bayan rabi. Mutum biyu da yini ɗaya sun isa, a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu, don warin gam ɗin yana juya kai kuma yana kama wuta. Na kunkuru da tsohuwar Marsandi kuwa ɗinkakke ne da ke rataye a kan sandunan ƙarfe, bakinsa yana shiga ƙarƙashin robar gilas. Sai an cire gilasai, kuma jan sa ya miƙe ba tattara aikin gwani ne. Wannan na mai kushin ne, tare da mai gilas a rana ɗaya.

Duk wanda zai yi, jerin aikin ba ya canjawa, kuma saɓa shi ne ke sa a biya kuɗi sau biyu. Walda da fenti su riga komai, domin tartsatsin walda yana cin waya da kafet, kuma ba a yin walda da batir a jone. Sai waya, a gwada kowace fitila da kowane makunni tun ƙasan mota yana tsirara. Wayar sifika, ta cajin waya da ta fitilar but duk a ja su yanzu, ko da ba a sayi kayan ba. Sai silin, sai gilas da sababbin robobi. Kafin a shimfiɗa kafet, ka sa yaro ya riƙa kwara wa motar ruwa da bokiti ta kan gilashin gaba da ƙofofi, kai kana ciki da tocila kana duba ƙasan dashbod da kusurwoyin ƙafa. Ruwan Jos daga Afrilu zuwa Oktoba ba ya barin ko ƙaramar kafa, kuma a motoci da yawa akwatin fis yana daidai ƙarƙashin kusurwar gilashin da ta fi yoyo. Inda ka ga ɗigo a toshe, a sake kwarawa, sai ya tsaya sannan kafet da kujeru su shiga.